Wanzami ba ya son jarfa: masu agajin gaggawa gaban allurar ɗibar jini

Ko wace shekara, idan damina ta yi nisa, asibitocin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa su kan cika da yara ƙanana waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini. Ga mata masu zubar jini wajen haifuwa, ga kuma waɗanda hatsarin mota ya rutsa da su bisa hanya. Idan ajiya ta yi ƙasa, Cibiyar ƙarin jini ta ƙasa, wato CNTS, da rassanta na jihohi su kan yi kira ga jama'a. Cikin masu amsa kiran akwai masu agajin gaggawa: ƴan kwana-kwana, ma'aikatan SAMU, direbobin motar ɗaukar marasa lafiya, ƴan sa-kai na Kurwa Ruj da malaman jinya na sashen gaggawa. Babu wanda ya fi su sanin abin da leda guda ta jini ta ke yi ga rai.

Sai dai masu iya magana sun ce wanzami ba ya son jarfa. Ƙaton da ya saba zaro mutum jina-jina daga cikin motar da ta kife, ko gezau bai yi ba, shi ne a kan gani ya kwanta bisa gadon ɗibar jini gumi na keto mishi, idanunshi na juyawa. Abokan aiki su yi ta dariya, labari ya zagaye bariki. Amma al'amarin ya wuce abin dariya.

Ba ragwanci ba ne

Jinin da a ke ɗiba bai wuce mililita 450 ba, kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ke jikin baligi, wanda ya kan kai lita 5. Mai lafiya da ya kai kilo 50 ya na iya bada shi cikin minti goma ba tare da cutuwa ba, kuma ruwan jinin ya kan dawo cikin kwana ɗaya ko biyu. Saboda haka yawancin masu faɗuwa ba ƙarancin jini ke kada su ba. Abin da ke kada su shi ne wanda likitoci ke kira « malaise vagal » da Faransanci.

Akwai wata jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi wuya zuwa zuciya da ciki, aikinta rage wa zuciya gudu. Fargaba, zafin allura ko ganin jini na bin ƴar roba su kan fara sa zuciya bugawa da sauri; sa'annan jijiyar ta ja linzami fiye da kima. Bugun zuciya ya ragu, hanyoyin jini su saki, tansiyo ta faɗi, jini ya kasa isa ƙwaƙwalwa. Daga nan sai hamma, gumi mai sanyi, tashin zuciya, kunne na ƙara, gani ya dushe. Cikin masu bada jini ɗari, ƴan ƙalilan ne ke jin haka, waɗanda ke suma sosai ba su kai ɗaya ba. An fi ganin shi ga matasa, da marasa nauyin jiki, da masu zuwan farko.

To mi ya sa sabo da jinin wasu ba ya kare mai agaji? Wajen aiki ya na motsi, hankalinshi na kan wanda ya ke ceto, linzami na hannunshi. Bisa gado kuwa ba shi da abin yi sai kallo, ga allurar da ya san ta fi ta yau da kullum kauri. Sau da yawa kuma daga gadin dare ya ke zuwa, ba barci, ba kalaci, ba ruwa, cikin zafin watan Afirilu. Wannan jiki a shirye ya ke ya kada mai shi.

Tsoro na daji, kunya na gida

Ƙananan tangarɗa ba su da wuyar magani. A kan kuskure jijiya, jini ya taru ƙarƙashin fata ya yi kumburi, ya baje cikin kwanaki. Mai firgita ya kan janye hannu allura ta goce, ledar ta ƙi cika, kuma ledar da ba ta cika ba galibi ba ta shiga ajiya. Wani kuma ya fita ya ɗauki gadon marar lafiya da hannun da aka huda, jini ya sake ɓallewa.

Babbar ɓarna kunya ce ke kawo ta. Talaka idan ya ji jiri sai ya faɗa. Mai kaki ko farar riga kuwa ya na duban na ƙasa da shi, ya yi gum, ya miƙe da sauri don a ce jarumi ne. Suma bisa gado ba ta cutar da kowa, don da an ɗaga ƙafafu mutum ya kan farfaɗo nan take. Suma a tsaye ita ce ke fasa kai, ta karya haƙori. Kuma ba dole ba ne ta zo cikin ɗakin. Wata sai bayan an bar wurin. Idan direba na riƙe da sitiyari da mace mai naƙuda a baya, ko ɗan kwana-kwana na bisa tsani, to rai fiye da ɗaya ne cikin hatsari. Shi ya sa ƙa'idojin zaɓen masu bada jini da Hukumar lafiya ta duniya ta fitar a 2012 suka ja hankali bisa masu aiki mai hatsari, kada su koma bakin aiki nan da nan. Akwai kuma wani sirrin da bai halatta a ɓoye ba: wanda allurar marar lafiya ta soke wajen aiki, wajibi ne ya faɗa, a dakatar da shi wasu watanni saboda ciwon hanta da sida.

Rigakafi ya fi magani

Maganin ba ya cin kuɗi. A yi barci, a ci abinci, a sha ruwa kamar rabin lita gab da kwanciya. Wanda ya san kanshi ya gaya wa mai allura tun farko, ya kau da kai. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Suwidin, Lars-Göran Öst, ya bayyana dabara ga masu suma da ganin jini: a ɗaure naman ƙafafu da na ciki ƴan daƙiƙoƙi, a saki, a sake, tansiyo sai ta tashi. Cibiyoyin jini da dama na duniya su na koyar da ita yau. Bayan an cire allura a zauna minti goma zuwa sha biyar, a sha abin da aka miƙo, a bar ɗaukar kaya sai gobe.

Sauran aiki ya rage ga shugabanni. Kada a kwashi rukuni guda gaba ɗaya ranar da su ke bakin aiki. A rarraba su, ko wane ya bada ranar hutunshi. A kuma hana zolaya, domin bincike ya nuna wanda ya ji jiri karon farko bai cika dawowa ba. Ledar jini ba ta wuce kwana 35 zuwa 42 cikin firji, saboda haka ajiya ta dogara ne ga masu dawowa a kai a kai. Ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati su ma su na kallo: idan suka ga mai agaji ya ce ya na jin jiri, aka kwantar da shi, ya tashi lafiya, bayan ƴan watanni ya dawo ya miƙa hannu, ba su da sauran hujjar gudu.