Kada Ka Bari 'Yan Gwangwan Su Ɗauke Fijon Baba

Idan ka bi titin Sakkwato zuwa Jega ta Tambuwal, ko ka karkata zuwa Kebbe, ba za ka rasa ganin tsohuwar Fijo 504 a ƙofar wani gida ba, tayoyi sun lotse, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta. Wataƙila ma ta babanka ce, kuma bara ka ci alwashin tayar da ita. Yanzu fa? Kuɗi sun ƙare, abokai na yi maka dariya, 'yan gwangwan kuma sun fara tayi.

Dakata tukuna. Wannan motar ba tarkace ba ce. Ta fito a Faransa a 1968, ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna. An ci gaba da haɗa ta a can har wajen 2006, shi ya sa har yau ana dacewa da kayanta a Fanteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano.

Abin da ke kashe maka gwiwa shi ne bidiyon TikTok, inda ake tayar da mota cikin minti ɗaya. Malam, aikin shekaru ne aka matse maka a wurin!

To ka daina kallon motar gaba ɗaya, ka raba aikin gida-gida. Wannan watan kafireto kawai. Wata mai zuwa lagireto. Inji da birki su ne farko, sai rewaya, sai walda inda tsatsa ta ci. Fenti shi ne ƙarshe. Wanda ya fara da fenti zai samu mota mai sheƙi wadda sai an tura.

Duk abin da kuka kwance kai da bakanike, ɗauki hotonsa, ka zuba notocinsa a leda ka rubuta suna. Kafin damina ka ɗaga ta kan bulo, ka lulluɓe da tamfol. Ka ware 'yan kuɗi duk sati, ko ka shiga adashe, kada ka ci bashi saboda ita.

Ranar da ka ji kamar ka haƙura, buɗe hoton farko ka kwatanta da na yau. Sannu ba ta hana zuwa. Rana na nan tafe da za ka murɗa makulli ta amsa, ka ɗauki Baba zuwa masallacin Juma'a a cikinta.