Masassarar da ba ta jin maganin sauro

A Dawce, kamar sauran garuruwan ƙasar Matameye, in jikin yaro ya yi zafi sai a ce cizon sauro ne. Sau da yawa gaskiya ne. Amma akwai wata masassara da ke yin makonni ba ta sauka, tare da zufar dare, kasala, rama da haki. Tushenta cikin zuciya yake. Likitoci na kiran ta andokardit. Ba ta da yawa, amma in an bar ta, kisa take yi.

Zuciya na da ƙyamare huɗu masu buɗewa da rufewa don jini ya bi hanya ɗaya. Ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba tun yarinta yana iya jawo ciwon gaɓoɓi, daga nan ya ɓata waɗannan ƙyamare. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin cuta kan shiga jini ta ruɓaɓɓen haƙori, ko miki, ko allura marar tsabta, su manne a kan ƙyauren da ya lalace, su yi ta haihuwa.

Wani likita, William Osler, ya yi cikakken bayanin wannan ciwo a shekarar 1885. Kafin a fara aiki da penisilin bayan 1940, da wuya wanda ya kamu ya tashi.

Yau ana gane shi ta hanya uku: likita ya saurari ƙirji, a ɗibi jini a rene shi har ƙwayoyin su bayyana, a kuma ɗauki hoton zuciya da na'ura. Maganinsa allura ce ta jijiya, mako 4 zuwa 6, a kwance asibiti. Wani lokaci sai an yi aiki an canja ƙyauren.

Ga inda haɗari yake, jama'a. Wanda ya sha kafso na 'yan tebur kafin a ɗibi jininsa ya ɓoye wa likita ƙwayoyin, bai kuwa kashe su ba. Saboda haka in masassara ta ƙi jin maganin sauro, a koma gidan likita, a faɗi duk abin da aka sha. In an ce a wuce babban asibitin Damagaram, kada a jira ranar kasuwa.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.