Jita Ba Wuta: Darasi Daga Makaɗin Abzinawa

Samarin da ke koyon jita a garuruwan bakin iyaka irin su Belel, cikin Jihar Adamawa, suna da wata matsala guda. Kiɗan da suke ji a wayoyinsu na jitar lantarki ne, amma wadda ke hannunsu ta katako ce, ga wuta kuma ba kullum ba.

Abin da ya fi ba su wuya shi ne lanƙwasa tsirkiya, watau a danne ta sa'an nan a tura ta gefe da yatsa har muryarta ta hau kamar kuka. Da wannan salo marigayi B.B. King na Amurka ya yi suna. Tsirkiyar jitar lantarki siririya ce, kuma na'ura tana riƙe amon ya daɗe. Ta katako kuwa kauri gare ta, ta ukun ma naɗe take da waya. Yatsa na shan wuya, amo kuma nan da nan ya mutu.

To, amma akwai dabara. Akan sa tsirkiya marar kauri, ko a ɗan sassauta ɗaurinta. Akan haɗa yatsu uku wajen turawa, a tsaya a rabin hawa. In ta ƙi, sai a ja yatsa bisa tsirkiyar ya zame zuwa muryar da ake nema, kamar yadda mai goge ke yi.

Mai shakka ya dubi Mdou Moctar, Ba'abzinen nan na Jamhuriyar Nijar. Jitarsa ta farko shi ya haɗa ta da wayar birkin keke, kuma a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, cikin 2008. Daga baya duniya ta san shi da jitar lantarki. Da soja suka yi juyin mulki a Nijar cikin Yulin 2023 aka rufe iyakoki, sai komawa gida ta gagare shi da abokan kiɗansa, suna Amurka. Nan suka sake naɗar waƙoƙin Funeral for Justice da jitar katako, aka fitar cikin 2025 da sunan Tears of Injustice.

Saboda haka kada yaro ya jingine jitarsa yana jiran ranar da zai sayi ta lantarki. Da abin hannu akan fara.