Ƙwanƙwasa Kafin Ka Yarda

Macen da ta san kan kasuwa ba ta sayen tukunyar ƙasa don kyawun jan da aka shafa mata. Ɗaga ta take yi, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ta kasa kunne. Lafiyayyar tukunya amonta garau yake fita, mai tsagewa a ɓoye kuwa muryarta a dushe. Ba ta fasa ba, ba ta kankare ba, ta dai san wadda za ta ajiye wa mai ita.

Kusan haka injiniyoyi suke yi wa ƙarfe da igiyoyin terahaz. Igiyoyi ne na haske da ido ba ya gani, suna tsakanin maikirowef da infirared, suna kaɗawa kamar sau tiriliyan ɗaya a daƙiƙa. Fenti, roba, soso da takarda ba sa tare su, amma da sun iske ƙarfe sai su dawo. Ƙarfe mai sulɓi yakan mayar da su da ƙarfinsu. Inda tsatsa ta ci, fuskar ta yi kaushi, sai su watse, abin da ya dawo ya raunana. Na'ura tana bin wurin taku-taku, tana auna ƙarfin abin da ya dawo da lokacin da ya ɗauka, kwamfuta ta haɗa hoto. Tabon tsatsa ya fito ɓaro-ɓaro, alhali fentin yana nan da sheƙinsa.

Masifa ce ta ƙara wa wannan fasaha daraja. Ranar 1 ga Fabrairu 2003 kumbon Columbia ya tarwatse da mutum 7, saboda wani ɓallin soso da ya rabu da tankin mai ya bugi fiffikensa tun wajen tashi. Bayan haka hukumar NASA ta Amurka ta riƙa duba irin wannan soso da terahaz don gano ramukan da ke ɓoye a ciki, masu bincikenta kuma suka gwada fasahar wajen farautar tsatsa a ƙarƙashin fenti da kayan kare kumbo daga zafi. Ga wani alherin: ba ta da irin illar da hoton eksire ke yi wa jikin ma'aikaci.

Kada dai a ɗauke ta maganin komai. Ruwa yana shanye ta, don haka jiƙaƙƙen rufi yakan makantar da ita, kuma a nan ne tsatsa ta fi son kwana. Ba ta ratsa ƙarfen kansa, abin da ke ci ta ciki ko ta baya ya fi ƙarfinta. Kayan aikin ma ba araha.

Duk da haka, a ganina ta cancanci kuɗinta. Ƙungiyar masana tsatsa ta NACE ta ƙiyasta a 2016 cewa tsatsa na jawo wa duniya asarar dala tiriliyan 2.5 a shekara. Mai jirgin sama ko bututun mai da ya tsaya jiran fenti ya kumbura kafin ya duba, ya riga ya makara.