Windows da Linux a kwamfuta ɗaya: yadda za su yi tarayya a wasanni ba tare da an sake saukewa ba

Tun ranar 14 ga watan Oktoba na 2025 da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar da, masu tsofaffin kwamfutoci suka shiga neman mafita. Windows 11 na buƙatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, alhali da yawa daga cikin na'urorin da ake sayarwa a kasuwannin Yamai, Maraɗi ko Garwa na hannu ne da aka shigo da su daga Turai. Wasu sun zaɓi su girka Linux a gefen Windows, ta yadda duk lokacin da aka kunna na'ura mutum zai zaɓi wanda zai shiga.

Ga mai wasannin kwamfuta, nan take wata tambaya ke tasowa. Wasa kamar Red Dead Redemption 2 na neman wurin giga 150. Sauke shi sau biyu na nufin kuɗin intanet ninki biyu, kwanaki ana jira, ga kuma faifan ajiya da zai cika. Shin kwafi ɗaya ba zai ishi manhajojin biyu ba? Zai iya, amma da sharaɗi: a yi tarayya a manyan fayilolin wasan, a bar wa kowace manhaja ƙananan kayanta a ɓangarenta.

Kowa da tsarin ajiyarsa

Windows na tsara faifai da wani tsari mai suna NTFS. Yawancin nau'o'in Linux, kamar Ubuntu da Linux Mint, suna amfani da ext4. Windows ba ya karanta ext4 da kansa. Wani lokaci ma sai ya nemi izinin goge ɓangaren, wanda duk ya amince masa kuwa ya rasa abin da ke ciki. Shi Linux yana karanta NTFS, yana kuma rubutu a kai, ta hanyar ntfs-3g da aka daɗe ana aiki da shi, ko ntfs3 da ya shiga zuciyar Linux a siga ta 5.15 a shekarar 2021. Shi ya sa mahaɗar manhajojin biyu ta kan zama ɓangaren NTFS.

Sauran tsare-tsaren da duka biyun suka sani ba su dace ba. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai giga 4, manyan wasanni kuwa cike suke da irinsu. exFAT na karɓar manyan fayiloli, amma ba ya ɗaukar mahaɗin da Linux ke sawa don nuna fayil daga wani wuri, abin da wasannin Windows ke dogara da shi idan suna gudana a Linux.

Abin da ya sa hakan ya yiwu

Kamfanin Valve na Amurka ya fitar da shagonsa na Steam don Linux a 2013, amma wasannin da ke aiki a lokacin kaɗan ne. Al'amarin ya sauya a watan Agustan 2018 da zuwan Proton, wata manhaja da aka gina a kan Wine, wadda ke yi wa wasan Windows tafinta har ya gudana a Linux. Ita ce ke tafiyar da dubban wasanni a na'urar hannu ta Steam Deck da ta fito a 2022. Tunda Proton fayilolin Windows ɗin yake amfani da su kai tsaye, kwafin da aka sauke a Windows zai iya yi wa Linux aiki.

A aikace, ana ware ɓangare guda na NTFS don wasanni kawai, ba wanda Windows ɗin kansa ke zaune a ciki ba. A Steam na Windows, a shiga Paramètres, sannan Stockage, a ƙara ɓangaren a matsayin ɗakin ajiyar wasanni. A Linux kuma a rubuta shi a fayil ɗin /etc/fstab domin ya riƙa buɗewa a wuri ɗaya kullum, da sunan mai na'urar, tare da izinin gudanar da manhaja. Daga nan sai a nuna wa Steam na Linux wannan foldar, zai ga wasannin da ke ciki.

Tarkuna huɗu

Na farko shi ne abin da Windows na Faransanci ke kira Démarrage rapide, wanda ya zo tun Windows 8 a 2012. Idan yana kunne, kashe kwamfuta ba kashewa ba ce ta gaskiya: Windows na yin barci ne, yana riƙe da faifan. Linux kan ƙi yin rubutu a irin wannan faifai, idan kuwa aka tilasta masa, fayiloli na iya lalacewa. Dole a kashe shi a saitin wutar lantarki na Windows kafin komai.

Na biyu shi ne foldar compatdata. A cikinta Proton ke gina wa kowane wasa ɗan ƙaramin Windows na bogi, har da fayiloli masu suna irin “c:”. Windows ya haramta ɗigo biyu a sunan fayil, saboda haka zaman wannan folda a kan NTFS kan hana wasa tashi, ko ya rikita Windows idan ya zo duba faifan. Maganinsa shi ne a ajiye compatdata a ɓangaren Linux, a bar mahaɗi kawai a wurinta na asali. Wannan matsala na cikin dalilan da suka sa ba a ba da shawarar ajiye wasannin Proton a kan NTFS sai ga wanda ya san abin da yake yi.

Na uku ya shafi wasannin da ke da siga ta musamman ta Linux, irin su Dota 2 da Counter-Strike 2. Duk lokacin da aka sauya manhaja, Steam kan ga fayilolin ba nata ba ne, sai ya shiga sauke wasu. Kuɗin da aka so a tsimi sai su tafi a haka. Ga wasu wasanni ana iya tilasta amfani da Proton a shafin Compatibilité. Ga waɗanda ake bugawa da jama'a ta intanet, ya fi sauƙi a bar su a manhaja ɗaya.

Na huɗu shi ne ɗaukewar wuta, abin da mazauna yankin suka saba da shi musamman a lokacin zafi. Idan wuta ta tafi ana cikin rubutu a kan NTFS, Linux ba shi da cikakken kayan gyara. Abin da ntfsfix ke yi kaɗan ne. Gyaran gaske sai an koma Windows an gudanar da chkdsk. Wanda ya goge Windows gaba ɗaya ba shi da dalilin ci gaba da riƙe NTFS.

Abin da ba ya bin wasa

Fayilolin wasa daban, tarihin inda ɗan wasa ya kai daban. A Windows, wasanni da yawa na ajiye wannan tarihi a Documents ko AppData. A Linux kuma yana cikin compatdata. Wasan da ke aiki da Steam Cloud zai daidaita su idan akwai intanet. Wanda ba ya aiki da shi zai fara daga farko a ɗaya ɓangaren, sai dai a kwafe da hannu. Wasan da ya lalace ana iya sake sauke shi, amma tarihin watanni idan ya ɓace ba inda za a samo shi, don haka ya kamata a riƙa ajiye kwafinsa a kile USB.

Akwai kuma wasannin da ko an yi komai daidai ba za su tashi a Linux ba, saboda manhajar hana maguɗi da suke ɗauke da ita. Fortnite da Valorant na cikinsu. A watan Satumban 2024, bayan an sa wa GTA V manhajar BattlEye, ɓangarensa na intanet ya daina aiki a Linux, ko da yake labarin da ake bugawa shi kaɗai na nan yana aiki. Shafin ProtonDB na tattara rahotannin ƴan wasa kan kowane wasa, kuma duba shi kafin a taɓa faifai kan rage wahala.

Ga mai faifai babba da intanet mai araha, hanya mafi aminci ita ce kowace manhaja ta riƙe wasanninta. Ga wanda ke lissafin kowace giga, ɓangaren NTFS na tarayya na biyan buƙata, muddin an kashe Démarrage rapide, an fitar da compatdata, an kuma adana tarihin wasa a wani wuri kafin a fara.