Ƙofar Hasken Kyamara: Kuskuren da Ya Sa Na Yi Asarar Shaida a Fagge

Shirin yau na matasa ne masu ɗaukar bidiyon matsalolin unguwanninsu.

Daminar bara mun je Fagge, bayan Kantin Kwari, ɗaukar wata kwata da ta toshe. Wani dattijo mai ɗinki ya ce, "Yarona, biyo ni ka ga inda ruwa ya kai." Na bi shi ina ɗauka, daga tsakiyar rana zuwa cikin shago. Muna shiga, hoto ya yi baƙi ƙirin. Na hau murɗa maɓalli, haske na ƙaruwa tsalle-tsalle, ƙarar maɓallin na shiga sauti. Kafin in daidaita ya gama magana. Na ce, "Baba, don Allah a maimaita." Ya ce shi ba ɗan fim ba ne. Shi ke nan, shaida ta tafi.

To me na murɗa? Ƙofar haske ce, wadda masu sana'ar ke kira afaca. Rami ne a cikin gilashin kyamara da yake buɗewa yana tsukewa kamar ƙwayar idonka. Lambobinsa su ne f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16. Abin da ke rikita mutane: ƙaramar lamba babbar ƙofa ce. Duk hawa ɗaya a jerin nan, haske ya ragu da rabi. Ka ga daga f/16 da nake a waje zuwa f/4, haske ninki 16 ke nan.

Kuma ba haske kaɗai take canzawa ba. A f/2.8 fuskar mutum za ta fito tas, bayansa ya yi dishi-dishi. Yana da kyau a fim ɗin Kannywood, amma kai da kake son a ga kwatar da ke bayansa, ka ɓoye hujjarka da hannunka. Nan f/8 ya fi.

Za ka ce me ya hana ka canza saurin ƙiftawar kyamarar? A bidiyo ba a cika taɓa shi ba. Muna ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, mu bar ƙiftawa a 1/50, don motsi ya tafi daidai, kuma wutarmu ta Najeriya mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, don haka fitila ba za ta riƙa walƙiya a hoto ba.

Yawancin gilasanmu na hoton kati ne, ƙofarsu mataki-mataki take motsawa, shi ya sa tsallen yake fitowa. Na masu fim zobe gare shi mai tafiya sumul.

Ga abin da nake yi yanzu, kuma na gwada a lungunan kasuwar Sabon Gari, inda taku biyar ke raba rana da duhu.

Na ɗaya, kafin ka danna ɗauka, tambayi kanka: a ina za a yi maganar? Saita ƙofar da hasken wurin. Gara waje ya yi fari na daƙiƙa uku da fuskar mai shaida ta ɓace.

Na biyu, sa wa kyamara tabarau, wato filtar ND mai juyawa. A rana ka duhunta, kana shiga inuwa ka sassauta a hankali, ƙofa na nan yadda take.

Na uku, in ba ka da ita, kafe ƙofa da ƙiftawa, ka bar ISO ya daidaita kansa. Hoton zai ɗan yi yashi-yashi a duhu, amma ana ganin mutum.

Na huɗu, mai gilashin 18-55mm, ka sani yana tashi daga f/3.5 zuwa f/5.6 da kansa in ka jawo hoto kusa. Sa shi a f/5.6 tun farko.

Masu waya kuwa, yawancin wayoyi ƙofarsu a kafe take. Danna fuskar mutumin a allo ka riƙe har hasken ya kulle.

Mutumin da ya yarda ya faɗi damuwarsa gaban kyamara amana ya ba ka, kuma sau ɗaya zai faɗa. Ka shirya kafin ya buɗe baki.

Wanda ya gwada ya faɗa mana yadda ta kaya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.