Kwanbata da faifan inji: inda giyar otomatik ke mutuwa tun ba ta bar gareji ba

Unguwar Vittin tana kudu maso gabashin Tamale, ta ɓangaren da hanyoyin Yandi da Salaga suke fita, ƙasar da fataken goro suka riƙa ratsawa da jakuna a zamanin cinikin Gwanja. Yau motoci ne ke ɗaukar kayan, kuma da yawa daga cikin na hannu da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, musamman 'yan Amurka, masu giyar otomatik ne. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin kasuwar Aboabo da Tatale a iyakar Togo, ko Paga a iyakar Burkina Faso, idan giyarsa ta gaji, yakan aika Suame Magazine a Kumasi ko Abossey Okai a Akara a sayo masa wata, ya kai wa bakanike, wanda a Gana ake kira fita. To, a wajen ɗaurawar nan ne kuɗin mutane da yawa ke salwanta.

Motar otomatik ba ta da kuloci. A madadinsa akwai wata tukunyar ƙarfe rufaffiya mai cike da mai, wadda ake kira kwanbata. Inji yana juya tukunyar, fanka ta farko a cikinta ta watsa mai, man ya tura fanka ta biyu, ita kuma ta juya sandar giya. Injiniyan Jamus Hermann Föttinger ne ya fito da dabarar a 1905 domin jiragen ruwa, kamfanin Buick kuma ya sa ta a motocinsa a 1948. Abin da ke haɗa tukunyar da inji wani siririn faifan ƙarfe ne mai haƙora a gefensa, waɗanda sitata ke kamawa yayin tayar da mota.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne bakanike ya ɗaure kwanbata a jikin faifan tukuna, sannan ya turo akwatin giya a kanta, domin haka ya saba yi da kuloci. Ka'ida ita ce kwanbata ta fara shiga cikin giya tun tana ƙasa. A zuba mata kamar lita 1 na man giya, a shafa wa wuyanta mai don kada ya yaga robar da ke tare yoyo, sannan a riƙa juyawa ana turawa a hankali. Wurare uku za ta kama: haƙoran sandar giya, da haƙoran bututun da ke kewaye da sandar, sai na ƙarshe, famfon mai. A kowane mataki za a ji ta zurma ciki kaɗan. Na ukun ne mai wuya, kuma shi ne mai gaggawa ke tsallakewa.

Idan ba ta kama famfo ba, tukunyar za ta turo waje, bakin giya ya ƙi manne wa inji. A nan ne za ka ga an ɗauko sifana ana jan manyan kusoshi da ƙarfi har giɓin ya rufe. A ido aiki ya yi kyau, alhali an danne famfon har ya tsage. Wata motar ba za ta motsa daga garejin ba. Wata kuwa sai an yi mata lodin buhunan masara an wuce Yandi za ta tsaya, ga shi otomatik ba a tura ta ta tashi. Kasuwannin ƙasar Dagomba kwana shida-shida suke ci, wanda ya kwana a daji ya rasa wannan zagayen. Daga nan sai gardama ta ɓarke: bakanike ya ce giyar da aka sayo ce matacciya, mai kaya a Kumasi ya ce lafiyayya ya bayar. Sau da yawa mai kayan ne ke da gaskiya.

Saboda haka mai mota ya tsaya ya gani da idonsa, ba raina sana'ar kowa ba ne. Bakin giya ya zauna daidai da na inji da turin hannu kawai, bisa ƙananan turakun nan biyu da ke saita su. Bayan an ɗaure, a sa hannu ta ƙasa: kwanbata ta riƙa juyawa sakayau, kuma a ga tazara tsakaninta da faifan, a yawancin motoci milimita 3 zuwa 5. Ita ake jawowa gaba ta taɓa faifan. In babu tazarar sam, a sauke a sake, ko da magariba ta yi.

Kusoshin faifan, uku ne ko huɗu ko shida, a fara ɗaura su duka da hannu ana juya inji, kafin a matse su da awon da kamfani ya rubuta. Kada a yarda da na tsintuwa: wanda ya fi tsawo yana lotsa bangon tukunyar ya lalata kulocin da ke cikinta. Shi ma faifan a duba shi, domin yakan tsage kewaye da kusoshin tsakiya, ya riƙa ƙwanƙwasa har a zaci injin ne ya buga.

Sai maganar mai. Tsohuwar giyar da ta ƙone tana barin garin ƙarfe a cikin bututu da na'urar sanyaya mai ta jikin lagireto. In ba a wanke ba, sabuwar ce za ta sha shi. Kuma ba kowane jan mai ne ke shiga kowace giya ba: Toyota mai neman WS ba a zuba mata Dexron. Sunan man yana rubuce a littafin motar, wani lokaci ma a jikin sandar awo.